Karti a madadin disk dur cikin tsohuwar ordinatar: tambayoyin da ake ta yi mini

Tun ranar da na sa ma wani Alhaji mai gidan buga takardu kartin memwar irin na kamara a madadin disk dur cikin tsohuwar ordinatar ɗinshi ta tashi, kusan kullum sai wani ya tsaya bakin rumfata nan gefen Katako da tambaya, wasu kuma ta WhatsApp da tsakar dare. Tambayoyin duk kusan iri ɗaya ne, bakina ya gaji, shi ya sa na tara su wuri guda. Wanda abin ya shige ma duhu ya ɗauko ordinatar ɗin ya zo mu duba tare, amma ya zo da safe kafin rana ta buɗe.

Wai da gaske karti na iya zama disk dur?

Da gaske ne, kuma ba wani siddabaru a ciki. Kartin da muke nufi shi ne CompactFlash, ana ce mishi CF, mai faɗin nan kamar kwalin ashana da aka danne, wanda masu ɗaukar hoto ke sa ma manyan kamara. Kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994, kuma tun daga farko an gina shi ya iya yaren IDE, wato yaren da tsoffin disk dur ke magana da kart mer, babban allon cikin ordinatar, da shi. Shi kartin ramuka 50 gare shi, nap ɗin IDE, faffaɗar wayar nan da ke haɗa disk da kart mer, na ordinatar ɗin tebur allurai 40, na portabul 44. To adaptatar ɗin da ake sa wa tsakani ba ya da ƙwaƙwalwa ko kaɗan, in ka juya shi ka duba wayoyi ne kawai a kan ɗan allo, kowace ta ɗauki allura ta kai ta inda ta dace. Ita ordinatar ba ta ma san an yi mata canji ba, BIOS, ɗan lojisiyel ɗin kart mer da ke fara tashi in an kunna, ya leƙa ya ga disk, shi ke nan.

Mi zai hana in sayi wani disk dur kawai?

Ina za ka same shi? An daina ƙera disk na IDE tun tuni, duk wanda ka gani cikin tarin kayan gwanjo sa'an wanda ya mutu maka ne, wani ma ya girme shi. Cikinshi faifai ne ke juyawa dubban zagaye a minti ɗaya, da ɗan hannu mai yawo samanshi, ga mai da ya bushe shekara ashirin da wani abu. Sai ka haɗa da zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ta Yamai. Na taɓa gwada guda bakwai rana ɗaya don in samar ma wani bawan Allah ɗaya, biyu ba su juya ba sam, uku suna ƙwas ƙwas ƙwas kamar agogon bango, na shida ya kama ya kwana biyu ya bi ƴan uwanshi. Na bakwai har yau yana cikin durowa, ban yarda da shi ba. Karti ba abin da ke motsi cikinshi, ba ya zafi, ba ya cin kuran sosai, ko kan moto ka ɗauki ordinatar ɗin ka bi ramukan unguwa ba abin da zai same shi.

To wa ma ke amfani da waɗannan tsoffin? A jefar mana a sayi sabuwa.

Ƙanena ba ka shiga gidajen aiki ba ne. Akwai injin yankan sitika, akwai keken surfani, akwai na'urar gwaji a wasu laburatuwar, duk suna ɗaure da wata tsohuwar ordinatar saboda lojisiyel ɗinsu DOS ko Windows 98 kaɗai ya sani, ko kuma kartin da ke tuƙa injin na ramin ISA ne wanda sabbin kart mer ba su da shi, ko makullin lojisiyel ɗin a bakin imprimant na da ake soka shi. Injin na miliyoyi, ordinatar ɗin ko jikka goma ba za a saye ta ba, amma in ta kwanta aiki ya kwanta. Sai kuma masu sha'awa kawai, masu son wasannin da suka yi suna yara, su ma ban raina su ba.

Kartin waya fa, ɗan ƙaramin nan, zai yi?

Zai yi, amma ta wata hanya. SD da microSD ba su jin yaren IDE, don haka adaptatar ɗinsu dole akwai tafinta a kai, wani ɗan baƙin cip da ke juya magana. In tafintan na kirki ne lafiya lau, in ba na kirki ba ne wata ordinatar ta gan shi wata ta ƙi, ko ta gan shi yau gobe ta ce ba ta san zancen ba. Ribar SD ita ce ko'ina akwai shi, kowane mai tebur a Babbar Kasuwa na da shi, CF kuwa sai an nema, wani lokaci wajen tsoffin masu hoto ake samu ko a yi sautu daga Kano. Ni dai in aikin na neman abinci ne, injin da mutum ke ci da iyali da shi, CF nake sa wa. In na wasa ne SD ya isa.

Wane girma zan saya? Na ga mai jiga 64 da araha.

Nan ne kusan kowa ke faɗawa rami, don haka bari in zauna a kai.

Tsohuwar ordinatar ba ta iya ƙirga da nisa ba. BIOS ɗin da aka yi kafin wajen 1994, irin na 386 da 486 na farko, lissafinshi ya tsaya ga silinda 1024, kai 16, sekta 63, kowace sekta bayit 512, in ka buga duka ya ba ka mega 504, ko 528 in da ƙirgar masu sayarwa ka bi. Duk abin da ya wuce nan bai san da shi ba. Abin daɗi shi ne kartin da aka rubuta ma 512 a jiki bai kai wannan iyaka ba, don haka yana shiga daidai wa daida, shi ya sa nake ɓoye duk mai 256 da 512 da ya faɗo hannuna kamar zinari. Bayan wannan akwai katangar jiga 2 da ɗan wani abu a wasu BIOS, sai babbar katanga ta jiga 8.4 wadda ta kama yawancin Pentium na farko, sai wasu BIOS na Award na ƙarshen shekarun 90 da in suka ga abin da ya haura jiga 32 sai su ƙame tun wurin ƙirgar farko, ko shiga BIOS ɗin da ƙyar. Ta ƙarshe jiga 137 ce, amma mai sa karti ba kasafai yake kai wa can ba.

Wannan na BIOS kenan, shi ma DOS da tashi iyakar. MS-DOS 6.22 da Windows 95 na farko FAT16 suke amfani da shi, wato tsarin jera fishiye wanda kowane yanki na disk, kamar C ko D, ba ya wuce jiga 2, kuma shi 6.22 duk disk ɗin ba ya ganin abin da ya haura 8.4, wato C da D da E da F ka gama. DOS 3.3 ma mega 32 ne iyakar yankinshi. FAT32 sai a 1996 ya zo cikin Windows 95 OSR2, daga nan Windows 98 ya gaje shi.

Wani matashi ya zo mini da 486 na babanshi da karti mai jiga 64 cikin leda sabo dal, yana ta murna ya samu da sauƙi. Na tambaye shi duk abin da ke cikin tsohon disk ɗin nawa ne, muka duba, mega 90 bai cika ba. Na ce mishi ɗan'uwa tanki ka sayo don shayi kofi ɗaya, kuma ƙofar gidan ba za ta shige shi ba. Muka yi musanya, na ba shi mai 512, ya tafi yana ganin kamar na cuce shi.

Abin da nake yi: 386 da 486, mega 256 zuwa 512. Pentium mai DOS ko Windows 95, jiga 2 ko 4. Windows 98, jiga 4 zuwa 8, in BIOS ya yarda 16. Akwai lojisiyel irin su Ontrack Disk Manager da EZ-Drive da ke zama farkon disk su yaudari BIOS ya ga babba, suna aiki, amma ranar da ka zare kartin ka sa a sabuwar ordinatar don kwasar fishiye sai ka iske wani lokaci ba ta gane shi ba. Ni ba na son su sai dole.

Yaya ake sa shi?

Kashe ordinatar, zare wayar kuran, in portabul ce cire batir. Nap ɗin IDE gefe ɗaya yana da jan layi, wannan shi ne allura ta 1, ka nemi inda aka rubuta 1 ko aka yi ɗan alama a adaptatar ka daidaita su. A ta tebur adaptatar na son wuta daban, yawanci ɗan ƙaramin fulogin nan na lektar disket ake soka mishi, mutane da yawa nan suke mantawa su zo su ce karti ya mutu. A portabul wutar cikin allurai 44 ɗin take, to a nan ka buɗe ido sosai, in ka juya shi baibai ko ka zame layi ɗaya volt 5 zai shiga inda bai kamata ba, ƙauri kawai za ka ji. Kuma wasu portabul akwai wani ɗan baki da ke lafe kan alluran tsohon disk, sai ka zare shi a hankali ka mayar kan adaptatar, kar ka jefar da shi tare da gawar. Ɗan kabaliye, ƴar hular nan da ke rufe allurai biyu a jikin adaptatar, ka sa shi kan master in shi kaɗai ne a nap. Wajen tura kartin kar ka yi ƙarfi, alluran adaptatar sirara ne kamar gashi, ɗaya ta lanƙwashe ka shiga uku.

Daga nan ka shiga BIOS ka sa ya gano disk da kanshi, ka tashi da disket ko CD na DOS, ka buga FDISK, ka share duk yankin da ya zo da kartin, ka yi sabo, ka tabbata ka sa shi aktif. Sake kunnawa, sai FORMAT C: /S, sai FDISK /MBR.

Wani ƙaramin abu da ke sa mutane zufa: kilabiyenmu nan AZERTY ne, disket ɗin da aka sauko daga intanet kuwa yawanci na Amurka ne, sai ka danna M ka ga wani abu daban ya fito. M ɗin yana kan maɓallin waƙafi, A yana kan Q, ɗigo biyu ka riƙe shift ka danna M, sandar nan ta /S kuma tana kan maɓallin alamar motsin rai. Ba kilabiye ne ya lalace ba.

Na yi duka amma ba ta tashi, baƙin allo ne da ɗan layi yana ƙifta ido.

Tara cikin goma abu uku ne. Ko ba ka sa yankin aktif ba, ko ba ka yi FDISK /MBR ba, don kartin da ya fito daga kamara ba ya da ɗan rubutun farkon disk da ke tada DOS, ko kuma, wanda ya fi yawa, ka fomate kartin a sabuwar ordinatar don gudun wahala. Sabuwa da tsohuwa ba lissafi ɗaya suke ma silinda da kai ba, sai tsohuwar ta je neman fishiyen tashi inda ba nan yake ba. A cikin ita tsohuwar za ka raba shi ka fomate shi, bayan nan ka kai shi duk inda kake so ka zuba kaya. Haka in ka fomate BIOS na kan tsarin lissafin disk na LBA, kar ka dawo ka mayar da shi Normal ko Large.

In kuma jiya ta tashi yau ta ƙi, duba agogonta. In ta koma wata shekara ta can baya, pil ɗin kart mer ne ya ƙare, BIOS ya manta lissafin disk. Yawanci CR2032 ne, kowane mai gyaran agogo na da shi. Wasu tsoffin kuwa pil ɗin a cikin wani baƙin akwati mai suna Dallas yake a rufe, wannan sai an zo da ita.

Windows 98 ya hau lafiya amma yana ƙamewa.

Gwada kashe DMA, hanyar da disk ke zuba kaya cikin memwar kai tsaye. Wasu kartuna ba su iya shi ba, wasu adaptatar masu araha kuma ba a ma ja wayoyinshi ba, sai Windows ya yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba. Danna F8 wajen tashi ka shiga mode sans échec, ka je inda ake jera kayan ordinatar, ka buɗe disk ɗin ka cire alamar DMA. In BIOS na da wurin UDMA shi ma kashe shi a bar PIO. Gudu zai ɗan ragu, amma gara jaki mai tafiya.

XP fa?

A nan ina ja da baya. Yawancin kartin CF na kasuwa suna gaya ma ordinatar cewa su abin zarewa ne kamar kile USB. DOS da Windows 98 ba ruwansu, amma Windows 2000 da XP suna ɗaukar maganar da gaske, sai su ƙi ajiye fishiyen musanyar memwar a kai, kuma yanki na farko kaɗai za su nuna maka. Kartin da aka rubuta ma Industrial galibi shi yana cewa shi kafaffe ne, da shi abin na tafiya. Amma ko da hakan XP mai yawan ƙananan rubuce-rubuce ne, karti na shan wahala, ordinatar ta riƙa tsayawa tana tunani. Na'urar da ta kai ta ɗauki XP gara a nemo mata ƙaramin SSD da adaptatar IDE zuwa SATA ko mSATA.

An ce karti na mutuwa da wuri in ana yawan rubutu a kai.

Akwai gaskiya ciki amma an ƙara gishiri. Kowane ɗaki cikin karti akwai iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa, irin SLC da ake sa ma na masana'antu yana kai wa wajen sau 100,000, irin MLC na kasuwa ƴan dubbai ne. Sai dai kartin na da wayo, yana rarraba rubutun ko'ina don kar wuri ɗaya ya cinye. DOS kusan ba ya rubuta komi sai abin da kai ka ajiye, a nan kartin zai iya riga ka tsufa ma ba ka ga ƙarshenshi ba. Windows 98 ne ke ɗan cin shi saboda WIN386.SWP, fishiyenshi na musanyar memwar, maganinshi ka ƙara RAM in da hali, kuma cikin SYSTEM.INI ƙarƙashin 386Enh ka ƙara layin ConservativeSwapfileUsage=1. Kar ka cika kartin maƙil, bar mishi wurin juyawa. Kuma don Allah a daina yi mishi defrag, ba faifai ba ne, ba hannun da ke yawo, wahalar banza ce kake ba shi.

In aka ɗauke wuta fa?

Wannan ya fi ba ni tsoro a kan maganar tsufa. In kuran ya tafi daidai lokacin da karti ke rubutu, ba fishiyen nan kaɗai ke iya lalacewa ba, wani lokaci teburin da kartin ke gane kanshi da shi ne ke rikicewa, ka kunna ka ga wayam. Lokacin zafi kuwa kun san yadda ake. Ƙaramin ondilar ko na minti biyar ne ya isa ka ajiye aiki ka kashe da hannunka. Haka kuma kar ka zare karti ordinatar na kunne, ko da adaptatar ɗin irin mai leƙowa ta baya ne, a IDE ba a haka.

Ta yaya zan gane na jabu?

Da ido ba za ka gane ba, kwalin ma wani lokaci ya fi na gaske kyau. Na jabu an rubuta mishi 32 a goshi, ordinatar ma ta ce 32, amma cikinshi 4 ne ko ƙasa, in ka wuce nan sai ya riƙa taka tsohon kaya da sabo ba tare da ya ce uffan ba. Akwai ɗan lojisiyel kyauta H2testw, yana cika kartin baki ɗaya ya sake karantawa ya faɗa maka gaskiya, masu Linux kuma f3. Yana ɗaukar lokaci, ka sa shi ka je ka yi sallah ka ci abinci. Ni ba na sa ma kowa kartin da bai bi ta nan ba, sabo ne ko na hannu.

Za ta ƙara gudu?

Wajen tashi da buɗe lojisiyel e, za ka ji bambanci, don tsohon disk sai ya kai hannu ya nemo, karti kuwa nan take. Amma hanyar IDE ɗin tana nan yadda take, PIO 4 iyakarshi mega 16.6 a sakan, kuma 486 dai 486 ce.

Kayan da ke cikin tsohon disk ɗina fa?

In har yana juyawa, yau za ka kwashe, ba gobe ba, kuma ka daina kunna shi kana gwadawa don kowace kunnawa na iya zama ta ƙarshe. Ana haɗa shi da sabuwar ordinatar ta adaptatar USB zuwa IDE, ko a sa shi slave bayan karti a kwafe da XCOPY. Wasu lojisiyel na injuna suna ɓoye lasisinsu a wani lungu na disk, su kwafin fishiye ba ya ɗauko su, sai an ɗauki hoton disk ɗin dukanshi, wato kwafinshi sekta bayan sekta.

Hoton nan kuwa shi ne babbar ribar karti a wurina, ta fi gudu ta fi shiru. Ranar da ka gama haɗa komi injin na aiki, zare kartin, sa shi a lektar USB, ka ɗauki hotonshi da Win32 Disk Imager ko dd, fishiye ɗaya ne zai fito mai girman kartin. Ajiye shi wuri biyu. Ka sayi karti na biyu iri ɗaya girma ɗaya ka zuba hoton a kai, ka gwada shi ya tashi, ka sa a ambulan ka manna cikin akwatin ordinatar nesa da alimantasiyo. In na farko ya mutu ko yaron shago ya goge wani abu, minti biyu an canza. Na ce iri ɗaya don kartuna biyu masu jiga 4 na kamfani daban ba lalle sektocinsu su zo ɗaya ba, in na biyun ya gaza ko da kaɗan hoton ba zai shiga ba. Kuma na ambulan ɗin a riƙa fito da shi ana sake zuba mishi ko sau ɗaya a shekara, karti in ya daɗe ba wuta cikin zafi yana iya fara mantuwa.

Tawa ba ta da IDE ma sam.

Akwai hanya. Irin XT masu 8088 ana soka musu kartin XT-IDE a ramin ISA, yana zuwa da nashi BIOS. Tsoffin Macintosh wani yaren daban gare su, SCSI, su sai BlueSCSI ko ZuluSCSI ko SCSI2SD, duk da SD suke aiki. Amiga 600 da 1200 kuwa suna da IDE mai 44 a ciki, CF da adaptatarshi ke shiga kai tsaye. Waɗannan duk sai an yi oda daga waje, ban taɓa cin karo da su a Katako ba.

Na kunna ba na jin ƙarar komi, anya tana aiki?

Alhajin nan na farko ma da wannan ya dawo mini washegari, ya ce malam ka ce ka gyara ga ta shiru kamar an yi rasuwa, shi shekara da shekaru da gurnanin disk yake sanin ta gama ajiye aiki kafin ya kashe. Na ce ranka ya daɗe yanzu sai dai ka kalli ƴar fitila. Da na duba ashe fitilar gaban akwatin ma ba ta kamawa, wayarta ta zare lokacin da nake jan nap, na mayar da ita kan HDD LED na kart mer. Yawancin adaptatar ma suna da tasu fitilar, ɗaya ta wuta ɗaya ta aiki. In ta aikin na ƙiftawa karti na karatu ko rubutu, jira ta tsaya sannan ka kashe.